Yadda Zunnuraini Ya Sauko da Jirgi a Gonarsa

Duk wanda ya taɓa shiga motar Maraɗi daga tashar Jibiya ya san muryar Zunnuraini, ko da bai riƙe fuskarsa ba. Shi ne ɗan kamashon nan mai jar hula da zai rantse maka saura mutum ɗaya mota ta tashi, alhali kai ne na farko da ya shiga. Allah ya hore masa maƙogwaro, ya hore masa baki, sai dai bakin ba shi da birki. In ana hirar siyasa, shi ya taɓa ba wani gwamna shawara. In ana hirar ciwo, a gabansa likita ya koyi yin allura.

Iliminsa na jirgin sama kuwa ya samo shi ne shekarar da ya raka surukinsa filin jirgin Katsina lokacin tashin alhazai. Bai wuce shinge ba. A nan ya tsaya cikin rana, ya manna fuska a wayar shingen yana leƙe har jirgi ya ɗaga. Amma tun daga ranar, jirgi ba ya giftawa ta saman Jibiya bai ɗaga kai ya yi masa gyara ba. Sai ka ji ya ce, "Wanga direba sabon hannu ne, ku ji yadda yake sa giya."

Wata safiya cikin bazara, ana zaune a teburin mai shayi, rediyo ta kawo muhawarar masana kan makomar filin jirgin wani birni. Ɗaya ya ce filin yana mutuwa ne saboda jirage ba sa zuwa, kuma ba sa zuwa ne don babu fasinja. Ɗayan ya ce a ƙwace shi daga hannun mutum guda a danƙa wa hukuma ta mutanen gari. Zunnuraini ya dire kofi har shayi ya fallatsa wa na kusa da shi.

"Kun ji jahilci da digiri!" in ji shi. "Babu fasinja? To mi ya hana su tara fasinjan? Ni nan tun ina saurayi nike tara mutane ga hili wayam, mota ta kawo kanta. Direba ba shi da kunya, da ya hangi kawuna sai ya taka birki. Na ƙasa da na sama duk halinsu guda. A ba ni hili kawai, ku ga in ban sauko da jirgi Jibiya ba."

A ƙarshen benci akwai Kalilu, dillalin manyan motoci, wanda kullum ciwon kansa shi ne inda zai kwantar da motocin da ke jiran takardun tsallaka iyaka. Mutum ne siriri mai sanyin murya, in yana murmushi haƙoransa kaɗai ke yi, idanunsa na can suna lissafi. Ya kurɓi shayi ya ce, "Gaskiyarka, Zunnu. Sai dai ina hilin?"

"Gonata mana! Ta bakin hanyar Farfaru."

Kalilu ya ajiye kofinsa a hankali, kamar wanda ke tsoron kada ƙarar ta farkar da wani.

Gonar nan ba gonar wasa ba ce. Gado ce daga mahaifinsa, doguwa, shimfiɗaɗɗiya, ga ta dab da hanya, ba nisa da iyaka. Kamasho ba ya kawo wa Zunnuraini abin da ya wuce goro da kayan miya. Geron da ake ci a gidansa daga kaka zuwa kaka, daga gonar nan yake fitowa, kuma kowa a tasha ya san haka.

Matarsa Khadijatu ta fi kowa sani, don ita ta kwashe rani tana tara kashin awaki da tokar murhu, tana roƙon mai amalanke yana kai mata gonar, ga takin can tsibi-tsibi yana jiran ruwa. Tana tankaɗe ya shigo ya zayyana mata shirinsa, hannu na sama, hula na ƙeya. Ta saurare shi har ya dire.

"Malam, wani abu anka ba ka a tasha ka sha?"

"Ke ba ki san ci gaba ba. Baɗi war haka kina zaune ɗakin manyan baƙi, iska mai sanyi tana hura ki."

"Iskar za mu tuƙa mu ci?"

"Matar Shugaban hilin jirgi ba ta tuƙi. Daga Jidda za a riƙa sauko maki da abinci cikin kwali."

"To kahin na Jidda ya iso, ka bar mani takina inda yake."

Bai bar shi ba. Washegari ya tara samari suka kwashe takin tas, wai jirgi ba ya sauka kan ƙazanta. Maƙwabcin gonarsa ya zo da jakai ya kwashe abinsa, yana ta sa wa Zunnuraini albarka, har da addu'ar Allah ya ƙaro irin waɗannan dabaru.

Da yamma Kalilu ya same shi ya ja shi gefe. Ya ce shi fa yana goyon bayan wannan aiki da zuciya ɗaya, sai dai akwai abin da ke damunsa. "Ba ka ji rediyo ba? Masu jirgi ba su sauka ga gonar mutum guda. Sai hilin al'umma, mai hukuma, mai Shugaba. In sunka ji gona ce, sai su ɗauke ka manomi."

Kalmar manomi ta soki Zunnuraini. Kalmar Shugaba kuma ta yi masa daɗi har cikin ƙashi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi a zauren Maigari Yusha'u na Farfaru, da Kalilu a bayansa, da liman, da dattawa cike da tabarmi. Ya miƙe ya shelanta cewa ya ba da gonarsa kyauta ga Hukumar Filin Jirgin Saman Jibiya, wadda shi ne Shugabanta.

Maigari tsoho ne da ya ga abubuwa da yawa, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya gyara rawani ya ce, "Zunnuraini, ka san abin da kake hwaɗi? Kyauta gaban shaidu, in anka shafa mata fatiha, ba ta komawa gida."

"Ranka ya daɗe, mutum irina ba ya magana biyu."

"Iyalinka sun sani?"

"Ranka ya daɗe, harkar jirgi ba ta mata ba ce."

Maigari ya sake tambaya, ya sake jan kunne, ya dubi dattawa ko akwai mai cewa wani abu. Kalilu ya sa baki cikin ladabi cewa ai Shugaba shi ne Shugaba muddin hukuma na tare da shi, wa kuwa zai juya wa irin wannan gwarzo baya? Liman ya ɗaga hannu, aka shafa. Zunnuraini ya fito yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba.

Hukumar kuwa ba ta yi wuyar cika ba, don a garin nan in ka ce akwai muƙami ko na gadin rijiya ne, za ka ga layi. Mudathir, ɗan bumburutun da ke sayar da fetur a jarkoki a bakin iyaka, ya naɗa kansa Daraktan Mai tun kafin a tambaye shi. Madam Comfort, wadda ta zo Jibiya da mijinta ma'aikaci ta buɗe rumfar abinci har ta fi shi suna, ta ce duk abin da za a tauna a filin nan, a ƙasa ko a sama, daga tukunyarta zai fito. Kalilu shi bai nemi komai ba. Ya ce a bar masa mataimaki, in ya so ya riƙa riƙe igiyar ƙofa, tunda aikin bai dace da girman Shugaba ba. Duk ɗan tasha ya san mai riƙe da igiya shi ke da tasha, amma Zunnuraini a lokacin ya daina ɗaukar kansa ɗan tasha.

Zaman farko na hukuma a gindin darbejiya aka yi shi, kuma da dambe ya kusa tashi. Zunnuraini ya ce sunansa za a sa wa filin. Mudathir ya ce sai dai sunan marigayi mahaifinsa, tunda shi zai ba jirgi mai.

"Jarka nawa jirgi ke sha, Shugaba? In san abin da zan tanada."

"Ya danganta ga lodi. In ba shi da kaya bisa, kamar tirela biyu."

"To a gaya wa direbobin tun yanzu, ni ba ni ba da bashi."

Comfort ta buga murfin tukunya ta ce, "Ku kuna faɗa a kan suna, ni ina tambaya, in jirgi ya juya a sama miyata ta zube, wa zai ɗauki asara?"

Shugaba ya ce a rubuta wannan a matsayin babbar matsala, a kafa mata ƙaramin kwamiti. Comfort ta zama shugabar kwamitin, ita ce kuma kaɗai mamba.

Aka shiga aiki. 'Yan acaɓa suka ɗaura tsohuwar ƙofar mota a bayan babura suna ja, suka baje kunyoyin da Zunnuraini da ubansa suka yi shekaru suna tayarwa, har gonar ta koma sumul kamar faranti. Ya sa aka zana dogon layi da toka a tsakiya, kaji suka bi shi suka tone. Ya tuna a Katsina ya hangi wani ƙyalle a kan sanda yana kaɗawa, sai ya yanke ƙafa ɗaya ta wandonsa na sallah ya ɗaura a gora. Tun daga ranar masu wucewa suka riƙa tsayawa suna gaida wandon Shugaba.

Sai hasumiya. Ya sa aka kafa masa gadon itace mai tsawo irin na masu korar tsuntsaye, ya aro lasifika a wurin wani mai tallan maganin gargajiya. Lasifikar tana da hali guda: da an kunna ta sai ta fara da muryar mai ita tana tallan maganin basir, sai an bubbuge ta take yin shiru. Ranar gwaji Zunnuraini ya hau, ya buɗe baki zai yi wa jama'a jawabi, sai gari ya ɗauka da, "Mai tsiro, mai jini, mai hana zama!" Ya kai mata duka, gadon ya yi ƙara, ƙafa ɗaya da gara ta cinye ta karye, Shugaba ya sauko da lasifika a ƙirji.

Jama'a suka yi kansa ana sannu. Ya miƙe yana kakkaɓe riga ya ce, "Mi kuke ma sannu? Wannan shi a ka kira saukar gaggawa. Dole Shugaba ya gwada ta da kanshi."

Ana cikin haka sai ga wani jirgi can ƙololuwa, ɗan mitsitsi, yana jan farin layi a bayansa. Zunnuraini ya manta da ciwon ƙugu. Ya ruga tsakiyar fili yana kaɗa hula, ya saki muryar nan tasa da ke tayar da matattun fasinja: "Jidda! Jidda! Yamai ta hanya! Saura mutum ɗaya!" Jirgi ya yi gaba abinsa. Mudathir ya tambaya ko direban kurma ne.

"Bai ga yawanmu ba," in ji Shugaba. "Wane direba ne zai taka birki don mutum goma da akuya? Ranar buɗewa za mu cika hilin ga maƙil. Kuma mu yi mashi hayaƙi, ya hango mu tun daga nesa."

Nan ya tsara abin da ya kira babbar dabara. A gayyato duk ɗan acaɓan da ke Jibiya da Gangara da na tsallaken iyaka, su jera babura gefe da gefen fili. A tara tsofaffin tayoyi a kusurwoyi a cinna masu wuta. Fasinja kuma su zauna a layi da kayansu, ba mai biyan ko sisi sai jirgi ya tashi, kamar yadda ake yi a kowace tasha ta mutunci.

To, a wannan yanki namu, ko jariri ya san abin da tarin babura da hayaƙi a bayan gari ke nufi ga wanda ke kallo daga sama. Mun sha wuya har mun koyi wannan. Amma an ce za a yi kiɗa, an ce Comfort za ta dafa shinkafa kyauta, sai hankalin gari ya tafi hutu. Khadijatu kaɗai ta ce masa, "Malam, jirgin da ke zuwa ma hayaƙi ba na alhazai ba ne." Ya ce mata hassada ce, don ba a ba ta muƙami ba.

Ranar buɗewa fili ya cika har ya batse. Babura sun jeru suna ƙyalli, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, makaɗa sun dage. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya zo da buhunan albasa zai kai Legas kafin la'asar. A gaban layi kuwa Goggo Salmatu ce, tsohuwar da ta yi shekaru tana burin zuwa Makka, ta zo da butarta da ƙullin kayanta da ɗan akuyar da za ta yi hadaya da shi.

"Ɗan nan," in ji ta ga Zunnuraini, "ni gaba nike so, kusa ga direba. Ina da jiri."

"Goggo, gaba mutum biyu ce, kin samu. Akuya dai sai a but."

Zunnuraini ya sha babbar riga ta aro, ya hau hasumiyar da aka yi wa ɗori. Rana ta take, shinkafa ta ƙare, mutane suka fara gunaguni. Albasar Bamaraɗe ta fara wari. Sai can daga yamma aka ji wata ƙara, fat-fat-fat, tana matsowa. Wani abu baƙi ya ɓullo ta saman itatuwa, ya nufo hayaƙin kai tsaye.

Wallahi a wannan lokacin ko maƙiyin Zunnuraini sai ya tausaya masa, don hawaye ne suka zubo masa na gaske. Ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Ban hwaɗa maku ba? Ban hwaɗa maku ba? Ga shi nan ya taka birki!"

Jirgin mai saukar ungulu ne, launin ganye, kuma akwai wani abu mai dogon baki da ke leƙowa ta ƙofarsa. Ya zagaya fili, ya sake zagayawa ƙasa-ƙasa. 'Yan acaɓa ne suka fara ganewa. Kafin ka ce me, kowa ya haye babur ya ranta a na kare, wasu ta Gangara, wasu ta cikin gonakin mutane, wasu suka tsallaka Nijar ba tare da sun gaida kowa a iyaka ba. Makaɗa suka yar da ganguna. Masu ƙarfin ƙafa suka cika wandonsu da iska, marasa ƙarfi suka kwanta rub da ciki suna salati.

Jirgi ya sauko tsakiyar gonar. Iskarsa ta ɗauke rumfar da aka kafa wa manyan baƙi ta kai ta gonar maƙwabci, ta yi sama da murafan tukwanen Comfort, ta tsinke ƙafar wando daga gora. Hasumiya ta sake durƙushewa. Amma Shugaba ko a jikinsa. Ya taso da gudu, babbar riga ta kife masa a ka, yana laluben hanya, har ya isa jikin jirgin ya bubbuga shi da tafin hannu kamar yadda yake yi wa motocin Maraɗi.

"Direba, sannu da hanya! Matsa gaba kaɗan, ka tare ma na bayanka wuri. Kai ke da lamba ɗaya!"

Da ya yaye rigar daga fuskarsa, sai ya ga takalma manya-manya sun kewaye shi. Jami'an tsaro ne, fuska ba annuri. Babbansu, wani dogo mai tabarau, ya dubi tayoyin da ke ci, ya dubi ƙurar baburan da suka tsere, ya daka tsawa: "Wa ya tara mutanen nan?"

Nan fa aka ga hukuma. Mudathir, wanda warin fetur ke tashi daga jikinsa kamar gidan mai, ya ce shi ruwan sanyi yake sayarwa, wucewa ma yake yi. Comfort ta ce, "Oga, ni abinci kawai. Ko sunan taron ban sani ba." Kalilu ya rusuna har ƙasa, ya nuna da hannu biyu cikin girmamawa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ƙananan ma'aikata ne. Ga Shugaba nan."

Zunnuraini ya gyara hula, ya buga ƙirji. "Ni ne. Ni na kira ku, kuma kun kyauta da kunka amsa."

Ya shiga bayani tiryan-tiryan: yadda fasinja ke jawo mota, yadda hayaƙi ke jawo jirgi, yadda nan gaba za a ware layin Jidda daban da na Legas. Ya ƙara da cewa tunda su ne farkon sauka, an yafe masu kuɗin kamasho. Mai tabarau ya cire tabaransa ya daɗe yana kallonsa. Daidai lokacin lasifikar da ke kwance cikin ɓaraguzan hasumiya ta farka da kanta: "Mai tsiro, mai jini, mai hana zama!" Wani jami'i ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

A ɗaya gefen kuma Goggo Salmatu ta riga ta sa ƙafa ɗaya a matakalar jirgi, tana jan akuya. "Ɗan nan, Makka za ku ko sai kun biya Kano?" Da ƙyar aka lallashe ta ta sauko, tana cewa ai an riga an ba ta gaba.

Mai tabarau ya ce, "Shugaba, ka san daga ina muka taso saboda hayaƙin nan naka? Ka san abin da ya kusa faruwa da mutanen nan?"

"Ranka ya daɗe, ai harkar sufuri sai da haƙuri."

"Haka ne. Filin naka yana da tsawo kuwa?"

"Ko jirgin alhazai ya ishe shi!"

"To auna mana shi mu gani. Kama kunnenka."

Haka Shugaban Hukumar Filin Jirgin Saman Jibiya ya kama kunnuwansa ya yi tsallen kwaɗo daga wannan kai na gonar ubansa zuwa wancan, cikin babbar rigar aro, rana na dukansa. Waɗanda suka ɓuya suka fara ɗago kai daga bayan buhunan albasa. Da ya kai ƙarshe aka ce ma'aunin bai fito ba, ya dawo. A dawowar ne ya hangi Khadijatu tsaye a bakin hanya da mayafinta. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba, kallonsa kawai take yi, kuma wannan ya fi tsallen ciwo. Jami'an suka sa aka kashe wutar, suka ja kunnen kowa, jirginsu ya tashi ya bar Goggo tana ɗaga masa buta.

A amalanke aka kai shi gida. Yana kwance Khadijatu na gasa masa cinyoyi da ruwan zafi, yana nishi yana cewa duk da haka dai tarihi ba zai manta jirgi ya sauka ba, ashe hukuma na can gindin darbejiya tana zaman gaggawa kan makomar fili. Ba a ɓata lokaci ba. Aka tsige Shugaba saboda ya jawo wa hukuma abin kunya, mataimaki ya hau. Aka kuma amince cewa kafin harkar jirage ta kankama, manyan motocin da ke jiran tsallaka iyaka za su riƙa kwana a filin, na wucin gadi. Mudathir zai ba su mai, Comfort za ta ciyar da direbobi. A karon farko tun kafa hukumar, ba wanda ya yi musu.

Da ƙafafunsa suka yarda suka ɗauke shi, ya dogara sanda sai zauren Maigari.

"Ranka ya daɗe, na zo a maido mani gonata. Wasa ya ƙare."

Maigari ya gyara zama. Sannan ya ce, "Zunnuraini, na tambaye ka ko ban tambaye ka ba?"

"Ka tambaye ni."

"Gaban liman da dattawa?"

"Gabansu."

"To ni ban san yadda a ka kwance fatiha ba. In hukuma ta ga dama ta ba ka, wannan tsakaninku ne."

Ya je wurin hukuma. Kalilu ya tarbe shi hannu biyu, ya sa aka kawo masa kujera, ya ce ai maganarsa tana gaban kwamiti, za a duba. Ya kuma yi masa albishir cewa an naɗa shi Uban Hukuma, muƙamin da ya fi na Shugaba daraja, sai dai ba ya zuwa taro.

Ba a jima ba ruwan shuka ya sauka, mai yawa, irin wanda ke sa ƙasa ƙamshi. Da gari ya waye duk Farfaru ta fita, maza da sungumi, mata da yara da ƙoƙon iri. Zunnuraini ma ya tashi kamar kowace shekara, ya saɓa sungumi, ya ɗauki irin geron da Khadijatu ta ware tun kaka, ƙafafunsa suka kai shi inda suka saba. Ya tarar da motoci jere tun daga bakin hanya har ƙarshen fili, ƙasar ta daskare da baƙin mai, tayoyi sun yi mata rami-rami. Gonar maƙwabcinsa kuwa ta sha taki, har wani baƙi take yi.

Ya tsaya riƙe da ƙoƙo. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, daga Maraɗi ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, kauce mani, baya za ni yi." Zunnuraini ya buɗe baki zai gaya masa ko shi wane ne a wurin nan, da yadda jirgi ya taɓa sauka daidai inda tayarsa take. Sai ya maida bakin ya rufe. Ya matsa gefe.

Ya koma gida tun hantsi bai yi ba, ya jingine sungumi a bango. Khadijatu na tsakar gida. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi ƙoƙon da ke cike kamar yadda ya fita da shi. Ta miƙa hannu ta karɓi irin, ta juye shi a turmi, ta ɗauki taɓarya.